Na Sake Dubawa

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan La'asar

Bismillahi. Yau na gama rahoton Dakta Zoriana, na sa hannu, na tura wa kwamiti. Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta.

Yaya Salwa ta kira daga Kano ina hanyar dawowa gida, ta sake tambayata wai ni me nake yi ne a jami'ar nan ta ƙasar Turawa tun shekarun nan. Na ce mata a laburare nake. Duk malamin da zai shiga gaban kwamiti don a sabunta masa kwantiragi, ni nake duba binciken da ya buga, in tabbatar mujallun da ya buga a ciki suna cikin indeks. Ta ce mene ne kuma indeks. Na ce wani jeri ne da wani kamfani yake riƙe da shi. Mujallar da ke ciki ana ƙirga aikinta, wadda ba ta ciki kuwa kamar ba a taɓa rubuta ta ba. Ta yi dariya ta ce, "To ashe shaida kike yi, 'yar Malam." Na ce haka ne.

Zoriana 'yar Yukren ce, daga Kharkiv. Ƙasar noma take bincike. Shekara biyu ke nan da zuwanta da mahaifiyarta, Mama Vira, bayan bam ya faɗa wa ɗakin bincikensu. Bizarta a ɗaure take da aikin nan. Kwamiti yana son takarda huɗu a indeks, ita tana da shida, huɗu daga ciki a wata mujallar garinsu. Za su zauna Alhamis ta sama.

Ita ce ta sa yakuwata ta yi kyau bana. Ta ɗibi jar ƙasar bayan gidanmu ta murza a hannu, ta ce ƙasar ta cika tsami, in zuba farar ƙasa. Na zuba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da hantsi

Na sake dubawa.

Alhamis, bayan Magariba

Ba wanda ya sa ni. Haka nake yi da kowane rahoto, bayan kwana biyu sai in koma in bi shi layi layi. Malam mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya karɓar allo a hannunmu sai mun karanta abin da muka rubuta sau biyu, ɗaya da tawada ɗanya, ɗaya bayan ta bushe. Yana cewa kuskure ba ya nuna fuskarsa sai tawada ta bushe. Ina da shekara hamsin da ɗaya, hannuna bai daina ba.

Da na buɗe sai na ga jan rubutu kusa da sunan mujallarsu. An cire ta jiya Laraba, tare da duk abin da ta buga tun shekarar da aka fara yaƙin. Dalili biyu suka bayar: ba ta fitowa a kan lokaci, kuma marubutanta sun cika ambaton aikin juna.

To wa zai ambaci ƙasar Kharkiv in ba wanda ya taka ta ba?

Saura biyu ke nan a cikin shida. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, biyu ne dai.

Juma'a, 10 ga Oktoba, kafin Azahar

Na nuna wa Desmond. Shi ne mai kula da kwamfutocinmu, ɗan Jos ne, da Hausa muke hira in ba kowa kusa. Ya leƙa, ya ja tsaki, sannan ya miƙa hannu ya rufe shafin da kansa.

Ya ce, "Hajiya Bebi, yaushe kika sa hannu?"

Na ce Litinin.

"Ran Litinin tana ciki ko ba ta ciki?"

"Tana ciki."

"To shi ke nan. Kwanan wata yana jiki. Ki tashi ki je gida ki tuƙa wa Alhaji tuwo."

Na ce, "Amma na gani, Desmond."

"Wa ya ga kin gani? Ni dai ban ga komai ba, tabarauna ma a mota na manta. Haba Anti, wa ya aike ki? Mutanen kwamitin nan ko sunan matar ba su iya faɗa ba, kina tsammanin za su je su buɗe indeks?"

Ya ce Allah ya raba shi da gaskiyar Kanawa, ya fita yana girgiza kai.

Asabar, 11 ga Oktoba, da yamma

Zoriana da mahaifiyarta sun zo kamar kowace Asabar. Mama Vira ta kawo burodinta mai baƙi-baƙi, ta zauna a kujerar baranda tana kallon bishiyoyi. Tana son unguwarmu Pleasant Garden, wai shirun nan irin na ƙauyensu ne.

Muna tsinkar yakuwa Zoriana ta ce ta riga ta ji. Farfesanta, tsohon da ke shirya mujallar, ya rubuto mata. Ta ce a ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake aikin, da janareta in an samu mai. Hunturu biyu babu wuta, masu duba takardun wasu suna bakin daga, wasu sun watse a duniya. Ta ce, "Ya yi latti da wata biyar, Bebi. Sai da ya ba masu indeks haƙuri a wasiƙa. Shi ne yake ba su haƙuri."

Sai ta tsaya da ganye a hannu ta ce, "Amma rahotona ya riga ya tafi, ko?"

Na ce ya tafi.

Ta sauke numfashi, ta dafa kafaɗata, ta ci gaba da tsinka.

Ban yi ƙarya ba. Ya tafi.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan Azahar

Na faɗa wa Baban su Ilham. Ya daɗe yana juya cokali a shayi. Ya ce, "Ni dai da ni ne..." bai ƙarasa ba. Daga baya ya ce in kira limaminmu, Malam Bello.

Malam Bello ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce duba na biyu ba a wajabta min shi ba, da ban yi ba babu komai a kaina. Na ce amma na yi. Ya ce, "Shi ne fa, Hajiya." Ya ce sunana ne a ƙasan takardar, kuma ran Alhamis mutane za su yi hukunci suna zaton abin da na shaida yana nan yadda yake. Sannan ya ce tsare rai ma babban al'amari ne a addini. Na ce to wanne zan ɗauka? Ya ce in yi istihara. Na ji jikarsa tana kuka a bayansa, na yi masa sallama.

Na yi. Ban ga komai ba, ban ji komai ba.

Talata, 14 ga Oktoba, da safe

Na aika.

Talata, bayan La'asar

Na haɗa gyaran rahoton da bayani shafi guda, game da wutar da babu da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Na rubuta cewa takardun ba su canza ba, jerin ne ya canza. Ƙa'idar ofis ita ce duk gyaran da aka yi sai an tura wa mai rahoton kwafi, don haka ya shiga imel ɗin Zoriana ma a lokaci guda.

Na ɗauki waya in kira ta kafin in danna. Na ajiye. Da na kira ta da ta roƙe ni, kuma ban san me zan yi ba in ta roƙe ni.

Desmond bai shigo gaishe ni ba yau.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan Magariba

Kwamiti ya zauna.

Asabar, 18 ga Oktoba, da yamma

Na share baranda, na fito da kujerar Mama Vira. Ruwa ya ɗan yayyafa, na mayar da ita ciki.

Ilham ta tambaye ni, da Turancinta, ina baƙina. Na ce wataƙila suna da uzuri. Ta kalle ni irin kallon da yaran ƙasar nan suke yi wa iyayensu, ta koma kan wayarta.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan Azahar

Ba za a sabunta ba. Aikin Zoriana zai ƙare a ƙarshen Disamba.

Na haɗu da shugabar kwamitin a bakin lif. Mutuniyar kirki ce, a unguwar Irving Park take, kowace Kirsimeti tana aiko mana da kek. Ta riƙe hannuna ta ce ta karanta bayanina, ya taɓa mata zuciya ƙwarai, amma ƙa'ida daga sama ta zo, ba su da gurbin da za su sa irin wannan. Na ce ko wani a cikinsu ya karanta takardun huɗu? Ta ce ai ba fanninsu ba ne, shi ya sa ake da indeks. Sannan ta ce, "Da kowa yana aiki da kula irin taki, Bebi, da mun huta."

Na ce na gode. Na shiga banɗaki na wanke fuskata, na tsaya har wata ta shigo.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da safe

Na rubuta wa kamfanin. Amsa ta dawo kafin in ɗauke hannu daga kwamfuta. Sun gode da tuntuɓa, ra'ayina yana da muhimmanci a wurinsu. Mujallar da aka cire za ta iya neman a sake duba ta bayan shekara biyu, in ta riƙa fitowa a kan lokaci. Babu sunan mutum a ƙasa.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan La'asar

Na yi dambun shinkafa da zogale, wanda Mama Vira take so, na kai musu. Motar Zoriana tana waje. Na ƙwanƙwasa sau biyu, na ajiye a bakin ƙofa na tafi.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da hantsi

Na tarar da kwanona a kan teburina na ofis, a wanke, a cikin leda. Babu komai a ciki. Tunda muka san juna ba su taɓa mayar min da kwano haka ba, Zoriana ta taɓa cewa su ma a wurinsu abin kunya ne.

An dai cinye, ko an zubar. Ban sani ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan Azahar

Na buga takardun Zoriana huɗun nan a firinta na zo da su gida. Shekara goma sha ɗaya ina shaida a kan irin waɗannan, ban taɓa karanta ɗaya ba. Sunan mujalla nake dubawa da lamba da shekara.

Ban fahimci yawancinsa ba. Amma a ta uku akwai taswira, gonaki a jere da sunayen ƙauyuka, da ɗigo-ɗigo inda ta haƙa ta ɗibi ƙasa. Ta taɓa faɗa min gonakin nan yanzu nakiyoyi ne a binne, ba mai shiga ko da ƙafa. Ƙasar da ta ɗiba ta ƙone da ɗakin binciken. Wato ba za a iya sake yin aikin ba, ko ita ko wani. Abin da ke hannuna shi ne abin da ya rage.

A makarantarmu ba a wanke allo sai yaro ya haddace, malam ya saurara ya ce to wanke. Nan an wanke ba wanda ya saurara.

Astagfirullah. Ni ce na miƙa ruwan.

A'a. Ba ni na cire mujallar ba. Ban yi ƙarya ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan Magariba

An mayar da agogo baya, yanzu kafin in iso gida duhu ya yi.

Desmond ya shigo da kofi biyu ya ajiye min ɗaya, ko da ya san ba na sha. Ya ce cocinsu suna da lauya mai taimakon baƙi, ya haɗa Zoriana da shi. Lauyan ya ce akwai hanyoyi, amma kowace tana ɗaukar watanni, kuma babu wadda za ta bar ta ta yi aikinta. Ta nemi wurare uku a wasu jihohin, duk indeks ɗin nan suke dubawa. Ya ce ba ita kaɗai ba ce, suna da zauren waya na 'yan ƙasarsu masu bincike, wani mai lissafi a Ohio takardunsa bakwai suka tafi rana ɗaya.

Na ce, "Kana jin haushina."

Ya ce, "Ni? Ina ni ina jin haushin Hajiya. Na dai ce miki ki je ki yi tuwo." Ya yi ɗan murmushi, bai kai ido ba. "Matata ta ce da ita ce ma haka za ta yi. Na ce shi ya sa ba na nuna mata komai."

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da safe

Ban yi ƙarya ba. Na rubuta wannan sau nawa ke nan. Ba ya yi min komai.

Talata, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Sanyi ya sauka, yakuwar ta yi baƙi ta kwanta. Baban su Ilham ya ce zai tuge ta ran Asabar. Na ce ya bari tukuna.

Ya ce ba na cin abinci. Ya ce, "Bebi, kin yi abin da kika ga shi ne daidai, ki bar wa Allah saura." Na ce to. Ya san to ɗina, ya zauna kusa da ni bai ƙara magana ba. Na gode masa da wannan.

Abin da nake juyawa shi ne, da na yi rashin lafiya a wannan Alhamis ɗin, ko da kwamfuta ta lalace, da yanzu Zoriana tana da kwantiragin shekara uku a hannu, kuma da babu zunubi a kan kowa. Mura kaɗai da ta isa.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan La'asar

Zoriana ta kira. Muryarta kamar ta mai karanta sanarwa. Za ta koma, ba za ta jira Disamba ba. Takardar zaman Mama Vira daban ce, tana da sauran lokaci, kuma zuciyarta ba za ta ɗauki tafiyar ba, za ta zauna da wata 'yar cocinsu. Ta ce ko zan kai ta tashar jirgin ƙasa ran Asabar ta sama.

Na ce zan kai ki. Na ce, "Zoriana..." Ta ce sai Asabar ɗin.

Asabar, 29 ga Nuwamba, bayan Azahar

Akwati biyu ne kawai. Mama Vira ba ta fito ba, ta taga na hango ta. Muka bi Elm Street, an riga an rataya fitilun Kirsimeti, shagunan kofi cike da mutane. Muka isa tasha. Jirgin ƙasa zai kai ta Washington, daga can jirgin sama zuwa Poland, sannan wani jirgin ƙasan.

Muna zaune a benci na fara abin da na shirya tun a gida. Ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Kar ki ba ni haƙuri. In kin ba ni, dole in ce ba komai, kuma da komai."

Sai ta tambaye ni, "Ran Asabar ɗin nan a lambu, kin riga kin san abin da za ki yi?"

Na ce ban sani ba tukuna. Ta kalle ni sosai, ta ce ta yarda, tunda ni ce. Yadda ta faɗi "tunda ke ce" ban san yabo ne ko zagi ba.

Ta ce ba kullum take jin haushina ba, wasu ranakun ne. Wasu ranakun kamfanin take ji wa, amma kamfani ba shi da fuska, ni ina da ita. Ta ce Farfesa ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yana buƙatar mai taya shi. In suka fitar da mujallar a kan lokaci shekara biyu a jere, za a sake duba su.

Na ce, "In akwai wuta."

Ta ce, "In akwai ginin."

Da aka kira jirginsu ta ciro kati ta ba ni, na asibitin zuciya. Mama tana ganin likita duk Talata ta farko a wata. Ta ce, "Ba don na yafe ba ne, Bebi. Ba ni da wani mai mota."

Na ce na karɓa. Ba mu rungumi juna ba. Ta ja akwatunanta, ɗaya ƙafarsa ta karye yana ƙara a kan siminti, har ta shige ina jin sa.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, bayan Magariba

Ta sauka Poland. Mama Vira ta samu saƙo, 'yar cocin ta faɗa wa Desmond, Desmond ya faɗa min.

Talata, 2 ga Disamba, da yamma

Na kai Mama Vira asibiti. Ba ta jin Turanci, da waya muke magana, ta faɗa wayar ta fassara. A hanyar zuwa wayar tana kan cinyarta, fuskar a sama, hannunta biyu a gefe kamar mai tsaron tukunya.

Likita ya ce jininta ya hau, ya tambaya ko akwai abin da ke damunta. Na maimaita wa wayar, wayar ta fassara mata. Ta ce babu.

A hanyar dawowa mun tsaya a jar danja, sai ta taɓa hannuna. Ta yi magana a wayar ta miƙo min. Muryar mace ta ce da Turanci: saƙo na ƙarshe jiya da safe ne, daga cikin jirgi, bayan sun tsallaka iyaka. Jiya an kai hari garin. Me ya sa ba ta amsawa?

Na karɓi wayar na ce wuta ce babu, cajinta ya ƙare, gobe za ta kira, lafiyarta ƙalau.

Ban san haka ba. Ban duba komai ba, ban ji daga kowa ba. Na dai faɗa, wayar ta juya shi zuwa harshensu da muryarta mai sanyi.

Mama Vira ta saurara har ƙarshe. Ta kalli fuskata, ta daɗe tana kallo. Na bayanmu ya danna hon, danja ta riga ta ba da hannu. Ta mayar da wayar kan cinyarta, fuskar a sama, muka tafi.